'Yar magen da na kawo don ɓera ta koma farautar mutanen gida

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon mage a zauren nan ku ba ni shawara, ni dai na kai maƙura. Ɓeraye ne suka addabe mu a sito, har buhun shinkafa suka huda, shi ne maƙwabciyarmu da magenta ta haihu ta ba ni 'ya ɗaya. Lokacin ba ta fi sati biyar ba, a tafin hannu nake ɗaukarta. Haidar ya sa mata suna Ƙyalli saboda yadda idonta ke yi da daddare. Yanzu watanta uku da rabi, kuma wallahi ɓera yana zamansa lafiya, mu ne muke ganin tasku. In za ka wuce sai ta laɓe a bayan ƙofa ta dira a agararka. In ina shara ta maƙale a tsintsiya. Gidan sauro ta mayar da shi tsani, ya huje wuri uku. Cajar waya biyu ta tauna. Hannun Haidar kuwa duk shatin yakushi ne, har malamarsu ta tambaye ni da wa yake faɗa.

Abin da ya tunzura maigida shi ne na shekaranjiya. Yana nafila kafin asuba, ya zauna tahiya yana motsa yatsa, sai ta taho a guje ta cafke yatsan. Da ya sallame bai ce komai ba sai "kafin Juma'a a san inda za a kai ta." Ni kuma na shaƙu da ita, Haidar ma haka. Shin hauka ce da ita ko haka suke duka? Kuma suna dainawa?

Ummu Sadik:
Wa'alaikumus salam. Yatsan tahiya! Wallahi na yi dariya har da hawaye, Allah ya huci zuciyar Alhaji. Ke kin ɗauka kyanwar Lami aka ba ki, ba cizo ba yakushi?

Baban Khalifa:
Hajiya ai maganin yana hannunki. Tsumagiya. Sau biyu za ki tsula mata ta shiga taitayinta. In ta ƙi, a sa ta a buhu a kai ta bakin kasuwa wajen mahauta, can ma ta fi samun abinci.

Hajiya Iya:
Baban Khalifa, a yi haƙuri da tsumagiyar tukuna. Maman Haidar 'yata, ina da tambaya biyu. Tun tana ƙarama da me kuke mata wasa? Sannan a gidan ƙasa kuke ko a bene?

Maman Haidar:
Ina wuni Hajiya. A bene muke, hawa na biyu, ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Wasa kuwa da hannu ne. Haidar yakan kwantar da ita ya riƙa yi mata cakulkuli a ciki, ita kuma ta rungume hannun tana ciza tana harbi da ƙafafun baya. Lokacin ba zafi, dariya muke yi. Maigidan ma yakan sa ƙafa a ƙarƙashin bargo yana motsawa tana kai cafka.

Hajiya Iya:
To kin ba kanki amsa. Ku kuka karantar da ita, ta kuma haddace. Wata biyu da rabi kuna nuna mata cewa hannu da ƙafar mutum abin farauta ne, yanzu haƙori ya yi ƙwari farce ya yi kaifi kun ce ba ku san zance ba. Shi kansa Alhajin da ya ba da wa'adin Juma'a yana cikin malamanta. Ita ina ta san bambancin yatsan cikin bargo da yatsan tahiya? Abu dai ya motsa.

Na fi shekara ashirin ina tare da maguna, ban taɓa ganin ɗan mage mai lafiya da ba ya wannan ƙiriniyar ba. Wanda ya kwanta shiru ba ya wasa, shi ne abin tsoro.

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Hajiya Iya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Kuskuren farko ma ba naku ba ne, na maƙwabciyar ne. Sati biyar ya yi wuri ƙwarai. Bai kamata a raba ɗan mage da uwarsa kafin sati 8 ba, in da hali ma a bari ya kai 12. Ba don nono kaɗai ba. A tsakanin nan ne suke kokawa da 'yan uwansu, kuma a kokawar suke koyon iyakar cizo: in ɗaya ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya tashi ya bar masa wurin, wasa ya ƙare. In ya matsa wa uwar ta make shi. Ƙyalli ba ta yi wannan makarantar ba, don haka ba ta san cizonta yana da zafi ba.

Na biyu, tana kan ganiyar famfara. Ɗan mage yana da haƙoran nono 26, daga wajen wata uku suke fara zuba, zuwa wata shida na dindindin guda 30 sun gama fitowa. Dasashinta ƙaiƙayi yake, shi ya sa cajarki ta shiga uku.

Na uku, abin da kike gani ba mugunta ba ce, atisayen farauta ne. Laɓewa, sanɗa, dira, cafka, harbi da ƙafar baya, duk abin da za ta yi wa ɓera ne. Kuma mage dabba ce da ƙarfinta ke tashi da asuba da kuma magariba, lokacin da abin farautarta ke fitowa. Alhaji ya tashi nafila daidai lokacin da ita ta fito aiki.

Baban Khalifa:
Ikon Allah. Zagezagi ke nan, mage ma sai an yi mata lacca. Dakta, mun tashi a gidan kakanmu da maguna sun fi biyar, ba wanda ya taɓa zama ya ce yau zan yi wa mage wasa, kuma ba su cije mu ba. Wannan duk sanabe ne na zamani.

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Bakano, na san damuwarka, ka ga dabbar da ake ciyarwa ba a sayarwa. Amma ka yi tambaya mai kyau.

Hajiya Iya:
Gaskiyarka a nan Baban Khalifa, sai dai ka tuna yadda gidan kakan naku yake. Tsakar gida ce fili guda, ga ƙadangaru a katanga, ga fara da damina, ga gina da daddare, ga rumbu da ɓerayensa, ga bishiyar darbejiya ta hawa. Kuma 'ya'yan suna tare da uwarsu har su girma. Kafin su waiwayi ƙafar mutum sun gaji liƙis. Yanzu ɗauki 'yar mage ɗaya tilo ka rufe ta a hawa na biyu, tayil a ƙasa, raga a taga, siton ma a kulle. Me ke motsi a gidan in ba ƙafar mutane da bakin zani ba? Ƙarfin nan dole ya fita ta wani wuri.

Malam Abban Zahra:
Ina so in ja hankali a kan maganar buhu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Dabbar da ka ɗauko da hannunka amana ce. Kuma ga 'yar uwa mai tambaya, ki kwantar wa maigida da hankali, mage ba najasa ba ce, taɓa shi da ta yi bai ɓata masa salla ba.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ai hadisin ni ya goya wa baya. Ni cewa na yi a sake ta. Su ne suka tsare ta a bene.

Malam Abban Zahra:
Sun tsare ta suna ciyar da ita, wannan babu laifi. Kai kuma sakin da kake nufi a ɗauke ta daga inda ta sani a jefar a inda ba ta sani ba. Sai mu tambayi Dakta ko irinta za ta iya riƙe kanta.

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Da wuya, Malam. Watanta uku da rabi, ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta taɓa kama ko ƙadangare ba. Ga karnuka, ga manyan muzurai masu wurin, ga mota, ga yara da jifa. In ya zama dole a rabu, a nemi gidan da ake so a miƙa ta hannu da hannu.

Dukan kuma ba ya aiki, ba don tausayi kaɗai nake faɗa ba. Mage ba ta haɗa duka da laifin da ta yi, da mai dukan take haɗa shi. Ko dai ta koma tsoron hannu, ranar da Haidar ya miƙa hannu zai shafa ta ta yi masa cizon kare kai, wanda ya fi na wasa muni nesa ba kusa ba, ko kuma ta ɗauka kokawar ce ta yi daɗi ta ƙara ƙaimi.

Amaryar Gwale:
Ni a wani bidiyo na ga ana fesa musu ruwa. Wata kuma ta ce min a shafa barkono a hannu, in ta ciza sau ɗaya ba za ta sake ba.

Hajiya Iya:
Barkono a hannun yaro ɗan shekara huɗu? Kafin ya kai bakin mage ya kai idonsa. A bar wannan.

Maman Haidar:
To Dakta, Hajiya, na ji laifina. Yanzu me zan yi? Yau Talata fa.

Hajiya Iya:
Ba abin da za ki saya. Ki samu kara ko siririyar sanda mai tsawon hannu, ki ɗaura igiya mai kauri, a bakin igiyar ki ɗaure gashin zabo ko na kaza, ko tsumma. Daga yau wannan ne abin farautarta, hannu ya yi ritaya. Amma akwai yadda ake jan sa. Kada ki riƙa kaɗa mata shi a fuska, ba ɓeran da ke zuwa ya yi rawa a gaban mage. Ki ja shi a ƙasa yana guje mata, ya tsaya cak, ya ɗan motsa, ya shige bayan kujera. Za ki ga ta lafe tana karkaɗa ƙugu. Ki bari ta kama lokaci-lokaci, in ba ta taɓa kamawa ba haushi za ta ji ta huce a ƙafarki. Minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana, har sai kin ga ta kwanta a gefe tana bin sa da ido kawai.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne na bayan isha'i. Ki gajiyar da ita sosai, sannan ki ba ta abincin dare. Haka tsarinsu yake: su yi farauta, su ci, su lashe jiki, su yi barci. In kika ba ta abinci tun magariba kika kwanta, ƙarfe uku za ta tashe ku.

Don kokawar kuma, ki cusa tsumma a tsohuwar safa ki ƙulle bakin. In ta zo da shirin rungumar hannu ki miƙa mata safar ta harba iya son ranta. Ki ajiye mata kwalin taliya biyu ki huda musu ƙofa. Murfin robar ruwa ma a kan tayil ya ishe ta gudu.

Ummi Tela:
Don Allah a kan maganar igiya ku bari in sa baki, ni abin ya taɓa ci. Ina ɗinki a gida, ina da wani ɗan muzuru da ke son wasa da zare, ni kuma ina jin daɗi ina jefa masa ƙwarƙwaro. Wata rana ya daina cin abinci, sai amai. Kwana biyu ina cewa ko ciwon shawara ne. Da na kai shi asibitin dabbobi aka buɗe bakinsa, ashe zare ne ya naɗe a gindin harshensa, sauran ya wuce ciki ya tattare hanjin. Bai yi rai ba. Likitan ya ce harshensu yana da ƙaya-ƙaya masu kallon ciki, in zare ya shiga ba sa iya tofarwa sai haɗiya. Ya kuma ce ko ka ga zaren ya leƙo ta baki ko ta baya kada ka ja, yanka hanji yake. Don haka in an gama wasa a ɗaga sandar a sa a kabad. Zare, abin ɗaure gashi, robar ɗaure kuɗi, allura, duk a kawar.

Maman Haidar:
Allah sarki, sannu Ummi. Wallahi jiya ma ulun kitso na gani a bakinta. Na gode da kika faɗa.

In kuma ta riga ta cafke hannun fa? Ni fizgewa nake yi, nan ne ma take yage ni.

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Fizgewar ce matsalar. Abin da aka kama in ya yi yunƙurin gudu, ƙara danƙe shi ake yi, kuma faratanta a lanƙwashe suke kamar ƙugiya. Ki sandarar da hannun kamar mushe, ko ki ɗan tura shi wajenta, za ta saki don mamaki. Sai ki tashi ba tsawa ba kallo, ki bar mata ɗakin na minti ɗaya ko biyu. Abin da 'yan uwanta za su yi mata ke nan. Amma sai kowa a gidan ya bi, in ke kin daina Haidar yana yi a ɓoye, aikin banza ne.

Ki koya masa alamomin: in wutsiya ta fara bugun ƙasa, kunnuwa suka kwanta baya, baƙin idon ya buɗe ya cika, to a janye hannu. Kuma cikinta ba wurin shafawa ba ne ko da ta baje shi, kwanciyar mage ce mai ɗaukar rai. A shafa kai da ƙarƙashin haɓa.

Farce kuma ana rage tsininsa da abin yanke farce, bakin kawai, kada a kai wurin da ya yi ja-ja, nan akwai jini. Masu cewa a cire faratan gaba ɗaya su sani yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne, ba aski ba ne.

Basakkwace:
Mu nan mussa muka ce mata. Ni duk wagga wahala ban yi ta ba. Ta biyu nik kawo, tsararta, sunka ji da junansu. Tun rannan ban koma ganin jini ga ƙahwata ba.

Maman Haidar:
Yaya Basakkwace so kake a haɗa ni da su a buhu ɗaya? Mutumin da ya ce a fitar da ɗaya, in ce masa na ƙaro?

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Dariya a gefe, shawararsa ita ce ta fi kowacce saurin aiki, don abokin kokawa na gaskiya ya fi safa. Sai dai abinci biyu ne, rigakafi biyu ne. Kuma in mace da namiji ne a yi hattara, mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai. Kafin ki farga kin zama mai garke. A halin da kike ciki ki fara da sandar.

Anti Nas:
Kowa yana ta mage, ni yaron nake ji. Maman Haidar, duk yakushi ko cizon da ya fasa fata a wanke da sabulu da ruwa mai gudu nan take, in cizo ne a daɗe ana wankewa, kamar minti 15. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana kai ƙwayar cuta can ciki bakin ciwon ya rufe, shi ya sa cizonta a hannu yake saurin ruruwa. In kin ga wurin ya kumbura ya yi ja yana zafi, kada ki tsaya shafa man zafi, ku tafi asibiti ranar. Haka in bayan sati ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito masa a hammata ko wuya da zazzaɓi, ki gaya wa likita mage ta yakushe shi. Akwai cutar da ake ɗauka ta yakushi, ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin maguna, kuma 'yan ƙanana sun fi ɗauke da ita.

An yi mata allurar haukan kare kuwa?

Maman Haidar:
Anti ai mage ce, ba kare ba.

Dakta (likitan dabbobi, Zariya):
Sunan ne ke ruɗar mutane. Mafi yawan masu kamuwa ta cizon kare suke samu, amma mage ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, kuma in alamun cutar suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Daga sati 12 ake yi musu allurar, taki ta isa. Ki kai ta asibitin dabbobi na gwamnati ko na kuɗi, a haɗa mata da maganin tsutsar ciki da na ƙuma.

Tunda an zo nan, abu uku kada ki yi. Kada ki ba ta farasitamol ko ta yi zazzaɓi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. Kada ki shafa mata fiya-fiya ko maganin kaskar karnuka don ƙuma. Kuma tunda ɓerayen suna nan, kada a zuba shinkafar ɓera a sito, in ba ta ci gubar ba za ta iya cin ɓeran da ya ci.

Ummu Sadik:
Ba a amsa mata ɗaya tambayar ba fa. Suna dainawa?

Hajiya Iya:
Suna raguwa dai. Cizon hannu in an daina koya mata, sati biyu zuwa uku za ki ga bambanci. Guje-gujen kuwa sai ta doshi shekara take fara natsuwa, wasu sai sun kusa biyu. Ina da wata mai shekara tara, har yau in magariba ta yi sai ta zaga falo a guje sau ɗaya kamar an biyo ta, sannan ta dawo ta zauna kamar ba ita ba.

Shi kuma Alhaji ki ce Hajiya Iya tana roƙon arziki, ya ƙara mata sati biyu, ya kuma riƙa tura ƙofa in zai yi nafila.

Maman Haidar:
Salamu alaikum, na dawo da bayani, yau kwana goma sha ɗaya. Juma'a biyu sun wuce tana nan. Da na karanta masa maganar Hajiya ta cewa yana cikin malamanta, shiru ya yi, can ya ce shi bai tuna ya yi wasan bargo ba. An yi mata allurar ranar Alhamis, ta yi kwana ɗaya tana fushi da ni. Gashin zabon nan kuwa mun canja uku, cinye shi take. Ni ta daina kama min ƙafa sai in na makara ban yi mata na dare ba. Haidar ne har yanzu yake mantawa, shekaranjiya ma ta same shi a babban yatsa, na wanke kamar yadda Anti ta ce. Farce biyu kawai na iya yankewa ta ƙwace.

Hajiya Iya:
Biyun ma kin yi ƙoƙari. Ki bari sai barci ya fara ɗaukarta a cinyarki, ki danna tafin a hankali farcen zai fito. Ɗaya yau, ɗaya gobe.

Baban Khalifa:
Duk na ji. Ɓeran da aka kawo ta dominsa fa?

Maman Haidar:
Yana nan Baban Khalifa, jiya ma na ji motsinsa a bayan buhu. Ita dai kyankyaso ɗaya ta kama, ta kai shi cikin takalmin maigida ta ajiye.